In Likitan Unguwa Ya Gayyace Ka Shiga Binciken Magani

Duk wanda ya zauna a Birtaniya ya san cewa ƙofar shiga harkar lafiya ita ce asibitin unguwa, wurin likitan da ake kira GP. Nan ake yin rajista, nan fayil ɗin mutum yake, kuma shi ke tura ka babban asibiti in ciwo ya fi ƙarfinsa. Ta wannan ƙofar ce kuma ake neman waɗanda za su shiga binciken lafiya, sai dai 'yan uwanmu da yawa ba sa sanin haka sai abin ya zo kansu. Wata rana saƙon tes zai shigo waya, ko wasiƙa mai tambarin NHS, hukumar lafiyar ƙasar, ta faɗo ta kafar ƙofa, ko kuma nas ta gama yi maka awon jini ta ce, af, akwai wani bincike da muke yi kan masu hawan jini, ko za ka so ka ji bayaninsa?

Mutanenmu kashi biyu ne a nan. Akwai wanda da ya ji an ce gwaji sai ya yage takardar ya jefa a kwandon shara. Akwai kuma wanda kara ke ɗauka: likita ne da kansa ya roƙa, mutumin da ke duba shi da iyalinsa kyauta, ina zai iya buɗe baki ya ce a'a? Sai ya sa hannu bai karanta ko shafi ɗaya ba. Na farkon tsoro ne ya yanke masa shawara, na biyun kunya, kuma ni a ganina na biyun ya fi shiga haɗari.

Tsoron yana da tushe, kada kowa ya raina shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana. Yara 200 ne suka shiga, aka ba rabi Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar daga ɓangaren Trovan, shida daga ɗayan, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, bai kuma amsa laifi ba. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Shari'a ta ja har 2009, inda aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma in ka duba da kyau, tambayoyin da suka tsaya wa mutane a rai a kan Kano uku ne: an gaya wa iyaye gaskiya cikin harshen da suke ji? Sun san za su iya ƙi a duba ɗansu duk da haka? Wa ya ba da izini, kuma yaushe? Waɗannan ukun su ne za ka riƙe a hannu ranar da gayyata ta zo maka a Leeds ko Landan.

Kafin komai, ka tabbata gayyatar ta gaske ce. 'Yan damfara sun iya kwaikwayon tambarin NHS. Kada ka latsa adireshin da ke cikin saƙon. Ka kira asibitinku ta lambar da ka saba kira, ka tambayi mai karɓar baƙi ko su suka aiko. Binciken gaskiya ba ya neman ka biya ko sisi, ba ya kuma neman lambar sirrin katin bankinka.

Wasu kan fusata su ce, wa ya ba waɗannan mutane sunana da ciwona? A mafi yawan lokuta babu wanda aka ba. Masu binciken ne ke gaya wa asibitin irin mutanen da suke nema, misali masu ciwon suga da suka haura shekara 40, asibitin ya bincika kwamfutarsa, likita ya duba sunayen ya cire waɗanda bai dace a dama ba, sannan asibitin ya aika wasiƙa. Masu binciken ba sa sanin kai wane ne sai ka amsa. In ka yi shiru, magana ta mutu a nan.

Sai abu na biyu, wanda ya fi komai: ka gane wane irin bincike ne, domin ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai na tambayoyi kawai, a ba ka fom ka cika ko a zauna da kai awa guda a yi hira. Akwai na ɗibar jini, yawu ko fitsari, tare da neman izinin bibiyar fayil ɗinka shekaru masu zuwa. Irinsa ne shirin Our Future Health da ke aika wa manya wasiƙa yana neman mutum miliyan 5. Waɗannan ba za su taɓa jikinka da komai ba sai tsinin allura, abin dubawa a cikinsu shi ne ina bayananka za su je. Sai kuma wanda za a canza maka wani abu: sabon magani, ko tsohon magani a sabon ciwo, ko wata na'ura, ko tsarin cin abinci. Nan ne ake zama a natsu.

Sabon magani yana bin matakai. A matakin farko ana ba mutane kaɗan, galibi masu ƙoshin lafiya, don a ga ko jiki zai ɗauka. A na biyu ana ba marasa lafiya ɗaruruwa, a na uku dubbai, ana kwatanta shi da maganin da ake da shi, na huɗu kuma bayan ya shiga kasuwa ne. Abin da ke zuwa ta asibitin unguwa galibi na ƙarshe-ƙarshen ne, wato maganin da dubban mutane suka riga ka sha. Na matakin farko a cibiyoyi na musamman ake yinsa, shi ne kuma ake tallatawa da kuɗi masu kauri, shi ya sa yake jan ɗalibai da waɗanda haya ta matsa wa. A watan Maris na 2006, a wata cibiya da ke harabar asibitin Northwick Park a Landan, an yi wa maza shida lafiyayyu allurar wani magani mai suna TGN1412, kowanne a kan alkawarin fam 2,000. Cikin sa'o'i duk shidan suna ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai, gaɓoɓin cikinsu na tsayawa. Sun rayu, ɗaya ya rasa yatsu. An tsaurara dokoki bayan nan, yanzu ɗaya bayan ɗaya ake ba irin wannan magani da tazara a tsakani, kuma irin wannan masifa ba kasafai take faruwa ba. Duk da haka shawarata ga ƙanina ɗalibi ita ce kada kuɗin haya ya zama dalilinsa. A binciken asibitin unguwa kuwa abin da za ka samu bai wuce kuɗin mota ko ɗan katin sayayya ba, kuma hakan ya fi, domin kai ba ya ruɗewa.

Za a ba ka takardar bayani, wani lokaci shafi goma ko fiye. Ka tafi da ita gida. Babu wanda ke da ikon sa ka sa hannu a take, ko da a binciken ciwon gaggawa irin na korona inda kwanaki ke da muhimmanci, a nan ma kana iya cewa a ba ka zuwa gobe. A cikin takardar ka nemi sunan mai ɗaukar nauyin binciken, jami'a ce ko NHS ko kamfanin magani, da sunan kwamitin ɗa'a da ya amince. A Ingila waɗannan kwamitoci suna ƙarƙashin hukumar HRA, kuma wajen sulusin mambobinsu ba ma'aikatan lafiya ba ne, mutanen gari ne. In magani ake gwadawa, sai kuma hukumar MHRA ta sa hannu. Takardar da ba ta ambaci kwamitin ɗa'a ba, ka ajiye ta. Kuɗin kamfani kuwa ba aibi ba ne, kusan duk maganin da ke cikin durowarka kamfani ne ya gwada shi, amma haƙƙinka ne ka sani. Haka nan kana iya tambayar likita kai tsaye ko ana biyan asibitin a kan kowane mutum da ya shiga. Galibi ana biya, don lokacin ma'aikata. Likitan kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

Abu biyu ne suka fi ɗaure wa mutane kai. Na ɗaya, ƙuri'a. A yawancin gwajin magani ba likita ke zaɓar wanda zai sami sabon ba, kwamfuta ce ke raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Dalili kuwa, in aka bar wa likita zai karkata ko bai yi niyya ba, ya ba masu ƙarfin jiki sabon maganin, sai maganin ya fito kamar gwani alhali masu shansa ne da ma za su warke. Na biyu, ƙwayar da babu magani a cikinta, mai kama da ta gaske a launi da girma, wadda ake ba ɗaya ɓangaren, kai ba ka san wacce ka samu ba, nas ma ba ta sani ba. Wannan ba yaudara ba ce muddin an gaya maka tun farko. Tambayar da za ka yi ita ce: in na faɗa ɓangaren da ba sabon magani, me zan samu? Amsar da ta dace ita ce za ka ci gaba da samun kulawar da kowa ke samu. In kuwa za a dakatar maka da maganin da kake sha yanzu, to a gaya maka na tsawon wane lokaci, da wanda zai sa maka ido.

Kada ka shiga da tunanin cewa sabo ya fi tsoho. Da an san ya fi, da ba a yi gwajin ba. Lokacin korona Jami'ar Oxford ta gudanar da bincike biyu ta hannun likitocin unguwa, a kan mutanen da ke jinya a gida. Na farkon, PRINCIPLE, ya nuna cewa azithromycin da doxycycline, waɗanda ake ta rubutawa a ƙasashe da dama, ba su da wani amfanin a zo a gani a kan cutar, amma budesonide, abin shaƙar nan mai araha na masu asma, yana rage jinya da kamar kwana uku. Na biyun, PANORAMIC, ya ɗauki mutum sama da 25,000 ya gwada molnupiravir, magani mai tsada, aka ga yana gaggauta warkewa amma bai rage kwanciya asibiti ko mutuwa ba a cikin waɗanda suka yi rigakafi. Waɗanda suka shiga ba su san ina abin zai faɗa ba, kuma da yawansu ba su amfana da komai a jikinsu ba. Na bayansu ne suka amfana. In za ka shiga, da wannan niyyar za ka shiga.

Akwai tambayoyin da takardar ba za ta amsa maka ba, domin wanda ya rubuta ta bai yi tunanin irinmu ba. Dole kai ka kawo su.

Azumi. In maganin sau uku ake sha a rana, ko ana son ka zo da rana a ba ka abin sha kafin a ɗebi jini, ka lissafa ko binciken zai ratsa watan Ramadan, ka faɗa tun kafin ka sa hannu. Sau da yawa ana iya matsar da ranaku. Abin da ba shi da kyau shi ne ka haɗe ƙwayoyin rana ka sha da sahur ka yi shiru, ka cuci kanka ka kuma ɓata sakamakon. Hukuncin ɗibar jini ko abin shaƙa ga mai azumi kuwa, wannan na malaminka ne. Haka batun kwanson kafso, wanda akan yi da sinadarin gelatin na alade ko na saniya: mai haɗa magungunan binciken yana da amsar a rubuce, ka ce a tambayo maka.

Tafiya. Mu mutane ne masu zuwa gida, biki ko rasuwa ko aikin Hajji, wani lokaci ba shiri. Ka tambaya ko za ka iya yin wata guda ba ka nan, ko maganin yana jure zafi, da ko yana karo da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Za a ba ka ɗan kati mai sunan binciken da lambar da ake kira dare da rana; ta wannan lambar ce likitan da ya karɓe ka cikin gaggawa zai iya sa a buɗe sirrin abin da kake sha. Katin ya zauna a walat ɗinka. Ka kuma sanar da kamfanin inshorar tafiya.

Sai maganin gida. In nas ta ce wane magani kake sha, mutanenmu kan lissafa na asibiti su tsaya, kamar jiƙon da aka aiko daga Zariya ba magani ba ne. Ka faɗi komai: habbatus sauda, garin zogale, saiwar da ba ka ma san sunanta ba. Ko zoɓo, in kullum kake sha, ka ambata, domin yana ɗan sauke hawan jini, kuma a binciken hawan jini wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba za a kama ka ba, ba za a yi maka dariya ba. In ma an yi, gara dariya da hanta ta kumbura ba a san dalili ba.

Ga mata akwai ƙari. Yawancin gwajin magani ba ya ɗaukar mai juna biyu ko mai shayarwa, kuma yakan shar'anta hana ɗaukar ciki har zuwa wani lokaci bayan an gama, wani sa'in har ga maza. Wannan magana ce ta cikin ɗaki, ku tattauna da maigida kafin ranar sa hannu. Amma a sani, a dokar ƙasar izinin na mai jikin ne. Miji ba ya sa wa matarsa hannu, ɗa ba ya sa wa mahaifiyarsa mai cikakken hankali hannu don kawai ba ta jin Turanci. In Hajiya ce aka gayyata, ku nemi tafinta, kada a ɗora wa jika ɗan sakandare fassarar illolin magani. Wasu binciken ba su da kuɗin tafinta sai su ce ba za su iya ɗaukarta ba. Wannan gazawarsu ce, kuma yana da kyau su ji an faɗa. Yaron da bai kai shekara 16 ba iyaye ke ba da izini a gwajin magani, amma ana tambayar shi ma, kuma in ya ƙi a saurare shi.

Fom ɗin izini layi-layi ne, kowane layi da akwatinsa. Wasu dole ne, wasu zaɓi: a ajiye jininka don bincike na gaba, a duba ƙwayoyin halittarka na gado, a tura samfur wata ƙasa, a sake tuntuɓarka. Kana iya yarda da binciken ka ƙi waɗannan. Ka karɓi kwafinka. Kana kuma iya fita kowace rana ba tare da ka ba da dalili ba, kuma ba zai taɓa matsayinka a asibitin ba. Sai dai abu biyu: bayanan da aka riga aka tattara galibi za su zauna, kuma kada ka yanke shan magani kai kaɗai, ka kira masu binciken su gaya maka yadda za a sauka lafiya. Kafin ka fara, ka ji wa zai biya diyya in wani abu ya same ka, ko za ka ci gaba da samun maganin in ya karɓe ka bayan an rufe binciken, da yadda sakamakon zai iso gare ka. Na ƙarshen nan ana yawan mantawa da shi, kuma rashin kyautawa ne a karɓi jinin mutum a kasa aiko masa da shafi ɗaya.

Akwai kuma binciken da ake yi da fayil ɗinka ba tare da an aiko maka da wasiƙa ba, bayan an cire suna da adireshi. A Ingila kana da ikon hanawa, ko ta fom da ake miƙa wa asibitin unguwa, ko ta tsarin ƙasa da aka buɗe a 2018 wanda ake shiga ta manhajar NHS. Zaɓinka ne. Amma ka san cewa da irin wannan fayil ɗin, na manya miliyan 17, aka tabbatar a 2020 cewa korona ta fi kashe baƙaƙe da 'yan asalin kudancin Asiya fiye da fararen fata.

Wannan ne ya sa, duk da Kano, nake karkata ga a shiga in tambayoyi sun sami amsa. Rumbun UK Biobank, wanda ya tara mutum 500,000 tsakanin 2006 da 2010 kuma masana a duniya ke ɗiba daga cikinsa, baƙaƙen da ke ciki ba su kai biyu cikin ɗari ba. Jiki kuwa ba ɗaya ba ne a komai. 'Yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna ta fi kuskuren nuna lafiya lau a kan baƙar fata kusan ninki uku, alhali iskar ta yi ƙasa. Gwajin suga na wata uku yana iya karkacewa ga mai ɗauke da sikila. A hawan jini, ƙa'idar Ingila ta ce a fara wa baƙar fata ɗan Afirka marar ciwon suga da irin su amlodipine maimakon irin su ramipril, domin an ga bambancin yadda suke aiki a jikinmu. Da aka zo neman haɗin ƙwaya biyu da ya fi dacewa da mu, binciken CREOLE ne ya ba da amsa a 2019, a ƙasashen Afirka shida, ƙarƙashin jagorancin Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja, da marasa lafiya har daga Kano: haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini. Mutum ɗari bakwai da 'yan kai ne suka yarda aka gwada a kansu kafin a san haka.

In ba a taɓa gayyatarka ba kuma kana so, ka tambayi asibitinku ko suna cikin masu yin bincike, domin ba duka ke yi ba. Kana iya yin rajista da shirin Be Part of Research na hukumar NIHR, ka zaɓi cututtukan da suka dame ka. A Sikotilan akwai rajistar SHARE. Wasu binciken kuwa ba a neman shiga, sai dai a kira ka. Misali TRANSFORM, na kansar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, cutar da ke kama namiji baƙar fata ɗaya cikin huɗu a Birtaniya, ninki biyu na sauran maza. Ana gayyatar maza daga shekara 50 zuwa 74, baƙaƙe kuma tun daga 45, kuma daga fayil ɗin likitan unguwa ake zaƙulo sunayen. Saboda haka in ka je asibitin nan gaba, ka ce wa mai karɓar baƙi ta duba maka abu uku a kwamfuta: adireshinka na yanzu, lambar wayarka, da gurbin asali, wanda da yawanmu muka tsallake ranar rajista. In gurbin nan fanko ne, kwamfutar ba za ta san kana cikin waɗanda ake nema tun daga 45 ba.